Hukuncin Karo da Kai a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

 Daga birnin Niyok nake magana da ku, cikin kaka, lokacin da jami'o'in Amurka kan duƙufa kowace ranar Asabar ga wani wasa nasu na ƙwallo wanda bai yi kama da namu ba ko kaɗan. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuwa mai tsini biyu ne, ana rungumarsa a yi gudu da shi ko a jefa wa abokin wasa. Ana ba ƙungiya yunƙuri 4 ta ci yadi 10 na fili, abokan hamayya kuwa babbar hanyarsu ta hana ta ita ce su cim ma mai riƙe da ƙwallon su kayar da shi ƙasa da ƙarfin tsiya. To, tun da yake karo shi ne asalin wasan, wanda in an cire shi babu abin da ya saura, sai mas'alar da ta dami hukumomin jami'o'i fiye da shekara 100 ta zama ita ce inda za a ja iyaka tsakanin karon da aka halatta da wanda aka haramta, da kuma irin horon da ya cancanci wanda ya ƙetare iyakar.

Wannan muhawara a nan birnin ta sami tushenta. Ran Asabar 25 ga Nuwamba 1905, ƙungiyar kwalejin Union ta garin Schenectady ta zo ta kara da Jami'ar Niyok a filin Ohio, wanda ke kan tudu a unguwar Bronx, unguwar da a yau take cike da 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma. Cikin 'yan wasan Union akwai wani saurayi mai suna Harold Moore, wanda ya faɗa cikin turmutsitsi don ya tsayar da mai gudu da ƙwallo, aka buge shi a ka, da mutane suka tashi daga kansa sai aka tarar ba ya cikin hayyacinsa, aka kai shi asibitin Fordham, jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwarsa, bai kwana ba. Ba shi kaɗai ba ne a shekarar, gama jaridar Chicago Tribune ta ƙididdige wajen mutum 18 da wasan ya ci a wannan kaka, mafi yawansu yaran makarantun sakandare da na ƙungiyoyin gari, ban da waɗanda suka karye ko suka naƙasa, su fiye da 100.

Domin mai sauraro ya fahimci dalilin wannan asarar rayuka, wajibi ne in bayyana yadda ake wasan a wancan zamani. Doka ba ta yarda a jefa ƙwallo gaba ba, kuma yadi 5 kawai ake nema cikin yunƙuri 3, saboda haka dabarar da ta fi riba ita ce a tattara ƙarti wuri guda, su saƙala hannuwa, su sa mai ƙwallo a tsakiya, waɗansu na ja, waɗansu na turawa, su auka wa mutum ɗaya na abokan hamayya gaba ɗaya, alhali kuwa yawancinsu ba abin da ke kansu sai sumar da suka tara, ko wata 'yar hular fata. Jami'ar Harvard ce ta fito da mafi munin wannan dabara a 1892, inda 'yan wasa kan jeru kamar kan kibiya su taso a guje daga nesa. An hana ta a 1894, amma masu horarwa suka yi ta ƙago mata 'ya'ya da jikoki waɗanda lafazin doka bai kama su ba.

Mutane da yawa sukan danganta gyaran da ya biyo baya ga Shugaba Theodore Roosevelt, kuma haƙiƙa ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ran 9 ga Oktoba 1905, ya yi musu nasiha, suka fita suka ba da sanarwa cewa za su kiyaye ladabin wasa. Amma fa nasiha ce kurum, ba ta canja harafi ɗaya na doka ba, kuma bayanta ne Moore ya mutu. Wanda ya ɗauki al'amarin da gaske shi ne shugaban Jami'ar Niyok, Henry MacCracken, malamin addinin Kirista ne kafin ya zama shugaban jami'a, wanda da labarin rasuwar ya iske shi sai ya buga wa Charles Eliot, shugaban Harvard, waya yana roƙonsa ya kira taron shugabannin jami'o'i. Eliot, wanda ya daɗe da yanke ƙauna ga wasan, ya ƙi. MacCracken ya kira taron da kansa: makarantu 13 suka hallara a Niyok ran 8 ga Disamba, aka yi jayayya kan a kashe wasan ko a gyara shi, masu son gyara suka rinjaya, sa'an nan ran 28 ga watan makarantu 62 suka sake haɗuwa a masaukin baƙi na Murray Hill, suka kafa ƙungiyar da a 1910 aka sauya mata suna zuwa NCAA, wadda har gobe ita ce ke tsara dokokin wasannin jami'o'in Amurka. Jami'ar Columbia, wadda ita ma a nan Niyok take, ba ta jira sakamakon taro ba. Ta soke wasan ɗungum, ba ta koma masa ba sai a 1915.

Abin da nake so jama'a su lura da shi cikin dokokin da aka fitar a 1906 shi ne, ko da yake an tsananta horo ga mai naushi da mai duka da gwiwa, ba a nan ƙarfin gyaran yake ba. An halatta jifan ƙwallo gaba, an mai da yadi 5 zuwa 10, an sa tazara gwargwadon tsawon ƙwallon tsakanin sahu biyu kafin a fara, an rage lokacin wasa daga minti 70 zuwa 60, duk da nufin a watsa 'yan wasa cikin fili, a sa turmutsitsi ya daina biyan bukata. Da aka ga mace-mace sun dawo a 1909, har da wani ɗalibin makarantar hafsoshi ta West Point mai suna Eugene Byrne, sai aka ƙara a 1910 aka haramta saƙala hannuwa da ja da tura mai ƙwallo, aka wajabta mutum 7 su tsaya a sahun gaba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya suna da ƙa'idar da suke kira saddu zari'a, watau toshe kafar da ɓarna ke bi ta shigo, ko da ita kafar a kan kanta halal ce. Waɗannan mutane na Murray Hill ba su karanta usulu ba, amma da ita suka yi aiki.

Daga nan sai wata fitina ta ɓullo ta inda ba a zata ba. An wajabta sa kwalkwali a wasannin jami'o'i a 1939, aka bar na fata aka koma na roba mai tauri, daga baya aka ƙara masa ƙarafa masu tsare fuska, kuma lalle fashewar ƙoƙon kai ta ragu. Sai dai saurayin da ya ji kansa cikin sulke ya daina tsoron sa shi gaba, masu horarwa kuma suka shiga koya wa yara su soki ƙirjin abokin hamayya da ka. Wanda ya san dambe ya san ɗan dambe yana da hannu biyu, ɗaya naɗe da zare shi ne mashi, ɗaya a buɗe shi ne garkuwa, kuma kowanne da aikinsa. A nan kuwa abin da aka yi domin garkuwa shi aka mayar mashi. A shekarar 1968 kaɗai mutum 36 suka mutu a sanadin wasan a dukan matakansa, galibi ta rauni a ka ko a wuya, har sai da aka haramta fara karo da kai a 1976, adadin masu karyewar wuya ya faɗi ƙwarai.

Illar wannan sunkuyar da kai ta fi komawa kan mai yinta, gama wuyan ɗan Adam yana da ɗan lanƙwasa wanda ke shanye bugu, in kuwa aka sunkuya sai ƙasusuwan su miƙe su jeru, nauyin jiki duka ya taho daga baya ya matse su a kan kan da ya riga ya tsaya. Ran 16 ga Oktoba 2010, a babban filin Meadowlands da ke ƙetaren kogin Hudson daga nan, Eric LeGrand na Jami'ar Rutgers ya taho a guje bayan bugun sake fara wasa, ya kara da ɗan wasan West Point kansa a sunkuye, ƙashin wuyansa biyu suka karye, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ba wanda ya zalunce shi, ba kuma wanda za a hukunta.

Yanzu sai mu zo ga dokar da ake ta ce-ce-ku-ce a kanta, wadda Amurkawa ke kira tagetin, mu kuwa sai mu ce laifin auna kai. An shigar da ita littafin dokoki a 2008, kuma fuska biyu gare ta. Ta farko, haramun ne ɗan wasa ya soki kowa da tsakiyar kwalkwalinsa. Ta biyu, haramun ne ya kai bugu mai ƙarfi, da kwalkwali ko kafaɗa ko damtse ko gwiwar hannu, ga kai ko wuyan wanda ba shi da halin kare kansa, kamar mai jifa da ya saki ƙwallo yanzu-yanzu, ko wanda ya miƙa hannuwa sama idonsa na kan ƙwallo, ko wanda ya riga ya zube ƙasa. An kuma ba alƙalai alamomin da za su duba, irin su ɗan wasa ya bar ƙasa ya yi tsalle zuwa sama da gaba, ko ya durƙusa sa'an nan ya zaburo, ko ya sunkuyar da kai kafin ya iso. Da fari horon yadi 15 ne ake ci wa ƙungiya, amma da aka ga masu horarwa sun ɗauki yadi 15 tamkar kuɗin shiga kasuwa, sai a 2013 aka ƙara da kora: mai laifi ya bar wasan nan take, in kuwa a rabi na biyu ya aikata, ya zauna har rabin farko na wasa mai zuwa. A 2019 aka ƙara cewa wanda ya yi sau 3 cikin kaka ɗaya za a dakatar da shi wasa guda cikakke.

Ga yadda abin yake a ido. Alƙali ya jefa ƙyallensa rawaya, wasa ya tsaya, babban alƙali mai farar hula ya nufi gefen fili ya sa abin ji a kunne, wani alƙalin da ke can sama cikin ɗaki yana maimaita hoton a hankali, gaba da baya, dubban 'yan kallo kuma suna ganin hoton nan a babban allo suna ihu, kowane ɓangare da fatawarsa. Yaron da ake tuhuma, wanda watakila bai wuce shekara 20 ba, yana tsaye hannu a ƙugu yana jiran hukuncin abin da ya faru cikin ƙiftawar ido. In an tabbatar, a dā sai a rako shi har ɗakin sauya tufafi a gaban jama'a, sai a 2020 aka ji kunyar wannan tozarci aka yarda ya zauna gefen fili tare da 'yan uwansa.

Shari'ar da aka fi tunawa ita ce ta 28 ga Disamba 2019, a wasan kusa da ƙarshe na gasar jami'o'i tsakanin Ohio State da Clemson. Ohio State na gaba da ci 16 da babu, sai ɗan wasanta Shaun Wade ya kutsa ya cim ma mai jifan Clemson, Trevor Lawrence, wanda da ya ga an iso shi ya duƙa, kwalkwali ya haɗu da kwalkwali. Alƙalan fili ba su ga laifi ba, na ɗakin sama ne ya tsayar da wasa ya ce a kori Wade. Clemson ta farfaɗo daga nan, ta ci wasan 29 da 23, kuma har yau mutanen Ohio ba su huce ba. Hujjarsu ita ce yaron bai yi niyyar cuta ba, wanda aka buga ne ya kawo kansa. Kan irin wannan ne masu horarwa suka sha neman a raba laifin gida biyu, na ganganci a yi kora, na kuskure a tsaya ga yadi 15.

Wannan hujja tana da nauyi a kunnen duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin jinayoyi, gama shari'armu ta bambanta amdu da kuskure, ta sa ƙisasi a ɗaya, diyya a ɗaya. Duk da haka ni ban goyi bayan masu horarwa ba, saboda alƙalin shari'a yana da kwanaki da shaidu da ikirari kafin ya yi hukunci a kan niyya, shi kuwa alƙalin wasa ba shi da kome sai hoto da minti biyu, kuma hoto zahiri yake nunawa, baɗini sai Allah. Ranar da aka ce kora sai ga mai ganganci, ranar kowane mai sunkuyar da kai zai zama mai kuskure, masu horarwa kuma su koma koyar da abin da suka bari. Ban da haka ma, Wade ya sunkuyar da kansa, kuma wannan sunkuyawa ita ce aka haramta, ko Lawrence ya duƙa ko bai duƙa ba, domin ita ce ta kwantar da LeGrand. Inda na ga an yi adalci shi ne gyaran 2019 game da shakka. Dokar ta umurci alƙalin fili, in ya yi kokwanto, ya ɗauka laifi ne, kuma a dā in hoto bai warware kokwanton ba sai hukuncinsa ya zauna. Daga 2019 aka ce wajibi ne hoto ya tabbatar da kowane rukuni na laifin, in ba haka ba a soke korar. Fuƙaha'u sun riga su sanin cewa ana kawar da haddi da shubuha.

Sai dai kuma akwai abin da ke damuna game da yawan surutun da ake yi a kan wannan doka, watau ta sa jama'a sun ɗauka cewa haɗarin wasan yana cikin bugun nan guda mai ban tsoro da ake maimaitawa a talabijin. Wani likita ɗan Nijeriya, Bennet Omalu, haifaffen ƙasar Anambra wanda ya yi karatu a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, shi ne a 2002 ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon gwanin ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya sami wata cuta mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, irin wadda a dā aka sani ga 'yan damben Turawa, ya buga sakamakon a 2005, masu kuɗin wasan suka yi masa ca. Webster ɗan sahun gaba ne, aikinsa shi ne ya yi karo da na gabansa a kowane yunƙuri, karon da babu alƙalin da zai jefa wa ƙyalle domin halal ne a doka. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka ba da rahoton samun cutar a ƙwaƙwalwa 48 cikin 53 na waɗanda suka tsaya a matakin jami'a. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar mamatansu, saboda haka ba za a auna dukan 'yan wasa da wannan adadi ba, amma ba za a kuma share shi ba. Malamai sun lissafa hankali tare da rai cikin abubuwa 5 da shari'a ta zo domin kiyaye su, kuma abin mamaki ne a ce jami'a, wadda aka gina domin tarbiyyar hankali, ita ce ke tara jama'a su biya kuɗi su kalli yadda ake girgiza shi.

Wanda ya hau jirgin ƙasa mai lamba 1 har ƙurewar arewacin Manhattan, ya sauka ya taka zuwa titi na 218, zai iske filin wasan Columbia a bakin ruwa, yana fuskantar wani dutse a ƙetare da ɗalibai suka zana wa babban harafin farko na sunan jami'arsu. Ba fili ne na manyan zakaru ba, kuma Columbia ta fi shahara da shan kaye. Amma ita da sauran jami'o'i 7 na rukunin Ivy, irin su Harvard da Yale da Dartmouth, su ne a 2016 suka koma ga hanyar mutanen 1906. Suka daina kayar da juna ƙasa a wajen atisaye muddin kakar wasa ta kama, abin da Buddy Teevens, mai horar da Dartmouth a lokacin, ya riga ya fara tun 2010. Suka kuma duba lissafinsu suka ga bugun fara wasa, inda ƙungiyoyi biyu kan taso wa juna a guje daga nesa, kashi 6 ne cikin 100 na yunƙurin da ake yi, amma shi ke kawo kashi 21 na girgizar ƙwaƙwalwa. Sai suka matsar da wurin bugun yadi 5 gaba, don ƙwallon ya riƙa wucewa ƙarshen fili, a rasa dalilin gudu da shi. Girgizar ƙwaƙwalwa a wannan bugu ta sauko daga kusan 11 cikin kowane 1,000 zuwa 2, ba tare da an kori kowa ba.

A 2021 kuma wani bincike da aka yi kan manyan ƙungiyoyin jami'o'i 6 ya nuna kashi 72 cikin 100 na girgizar ƙwaƙwalwa a wajen atisaye take faruwa, kusan rabinta ma tun kafin a buga wasan farko na kaka, a filin da babu alƙali, babu ƙyalle, babu na'urar maimaita hoto, sai mai horarwa da usur ɗinsa. Shi wannan mai horarwa, wanda a manyan jami'o'i albashinsa ya kai miliyoyin daloli a shekara, shi ne ya tsara atisayen, shi ne kuma ya koya wa yaro inda zai sa kansa, amma dokar auna kai ba ta tanadi kora dominsa ba ko da 'yan wasansa sun yi ta maimaita laifin; ɗalibin ne ke fita. A shekarar 2021 ɗin dai hukumar NCAA ta rage yawan kwanakin da aka yarda a yi cikakken karo kafin kaka, ta kuma haramta waɗansu tsofaffin darussa da ake jera yara biyu-biyu a sa su yi ta gwabzawa don a ga wanda ya fi taurin rai. Masu horarwa da yawa sun yi gunaguni cewa za a lalata musu yara, kamar yadda magabatansu suka yi gunaguni a kan jifan ƙwallo gaba, amma dokar ta zauna, kuma da ita ake atisaye daga filin Columbia har zuwa na Fordham a Bronx.